Takwara

Sunana Barira, ɗiyar mai awon gyaɗa,
a Bagalam aka binne cibiyata.
Amma tsaya bakin babbar kasuwa ka tambaya,
ba wanda zai nuna maka ƙofata.
Ka ce Inna Delu ungozoma,
yaro zai ja ka har ɗakina bai nemi dala ba.

A lakwal na fara, ranar rabon sakamako.
Mushe Ɗan Tani ya manna mini gemun auduga,
ya ce ke ce tsohon da aka sace wa akuya.
Na rusa kuka har mai gadi ya bar ƙofa
ya zo yana tambayar launin akuyar.
Baba bai ce mini uffan ba,
sai da dare na jiyo shi ta bayan zana
yana gwada wa inna yadda na ɗingisa.

Daga nan gidan matasa, daga nan rediyo,
inda ake kaɗa kwanon rufi a ce tsawa ce.
Sai tele ta shigo, akwati ɗaya a unguwa,
bisa tebur, jone da batirin mota,
daren Laraba kowa da tabarmarsa.
Shekara tara ina cikin farar rigar aro,
ina cewa ku je awo, ku dafa reza,
kar ku jira sai jini ya ƙare.

Zamanin kaset na ƙetara Ɗan Isa
da zane uku cikin jakar leda.
A Kano suka ce harshena ya yi nauyi,
in bar cewa tahi, in riƙa cewa tafi.
Na koya. Na haifi ƴaƴan da suka girme ni.
Na mutu sau goma sha ɗaya,
biyu da tari, ɗaya a bakin rijiya,
ta ƙarshen har yau ba a biya ni ba.
Na dawo Maraɗi da keken ɗinki
da ciwon gwiwa wanda ba na wasa ba.

To, akwai wani dare cikin damina,
kuran ya ɗauke, Gulbi ya cika yana ruri.
Aka doki ƙofa kamar za a ɓalle ta.
Wani mai gyaran taya, jiƙe sharkaf:
Inna Delu, matata, tun la'asar take naƙuda.
Na ce bawan Allah, ni wasa nake,
ban taɓa yanke ko cibiyar kaza ba.
Ya dube ni. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Na ɗaura zane, na tada mai amalanke,
muka ratsa taɓo zuwa gidan haihuwa.
Ina riƙe da hannunta, tsoro na cin hanjina,
bakina kuwa ya kama aikinsa shi kaɗai:
ja numfashi, ɗiyata, ga ni, kusa ne,
kalaman da wani ya rubuta mini a takarda,
na haddace ina jajjagen miya.
Ta yarda da su. Ni ma sai na yarda.
Ungozomar gaske ta karɓe ta a ƙofa,
ta harare ni, ta ce malama, jira waje.

Ranar suna aka aiko mini da goro.
Ba Barira suka sa ba. Delu.

Yanzu ta kai sha tara, tana tuyar awara
gefen tashar Madarumfa.
Ba ta taɓa ganina a tele ba,
wayarta cike take da wasu fuskoki.
In na wuce da kwandon cefane
sai ta ɗaga matsami ta ce takwara, ina gajiya?
Nakan gyara mayafi in amsa.
Takan ƙara mini guda biyu, da yaji.